BABI NA UKU: TARIHIN BABBAR KYAMARA DA GYARANTA A ƘASAR YAURI

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayanin ƙasar Yauri da al'ummominta da kuma sana'o'in da aka san su da su tun kaka da kakanni, irin su su da noman albasa da sassaƙar jirgin ruwa da fatauci. A wannan babi kuwa za a dubi wata baƙuwar sana'a wadda ta shigo tare da Turawa, wato ɗaukar hoto. Za a taƙaita bayani ga kayan aikinta na farko, wato babbar kyamarar katako mai ƙafa uku da baƙin mayafi, da idon da ake ɗaura mata, da shotar da ke buɗe wa haske hanya, da kuma yadda aka riƙa gyara su idan sun lalace.

Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, daɗewar da wannan kyamara ta yi tana aiki a garuruwan bakin kogin Kwara, wato Neja, ta samo asali ne daga sauƙin gyaranta. Kafinta da baduku da mai gyaran agogo, waɗanda ba a rasa su a kowace babbar kasuwa, sun isa su tayar da ita idan ta kwanta. Wannan batu yana da muhimmanci ga mai nazarin tarihin Yauri da Ngaski da Shanga, domin kuwa tun 1968 ruwan tafkin Kainji ya shafe garuruwa da gungaye masu yawa, kuma hoto na daga cikin 'yan shaidun da suka rage game da kamanninsu.

3.1 Bayanin Kalmomi

Idan an ce babbar kyamara a wannan aiki, ana nufin wadda ke ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya a kan falle guda, ko na gilashi, ko na fim, ko na takarda. A ƙasashen da Ingila ta mallaka, awon fallen ya kasu kamar haka: cikakken falle inci 6½ da 8½, rabin falle inci 4¾ da 6½, sai rubu'in falle inci 3¼ da 4¼. Amurkawa sun fi amfani da inci 4 da 5, su kuwa ƙasashen rainon Faransa, irin su Nijar da Mali, santimita 13 da 18 suka fi sani.

Kyamarar tana da allon gaba inda ake ɗaura ido, da zugazugin fata a tsakiya mai miƙewa da takurewa, da gilashin dubawa a baya, inda surar mutum ke bayyana kai ƙasa ƙafa sama. A nan ne mai hoto ke lulluɓa da baƙin mayafi don ya ga surar sosai. Idan ya daidaita, sai ya zura kuben da falle ke ciki a gurbin gilashin. Ido shi ne jerin gilasan da ke tattara haske. Shota kuwa ita ce 'yar ƙofar da ke buɗewa ta rufe cikin ƙayyadadden lokaci. Abin da ke fara fitowa a kan falle shi ake kira dodon hoto, domin fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari.

3.2 Zuwan Hoto Ƙasar Yauri

Yauri tsohuwar mahaɗar hanyoyi ce. Adamu (1978) ya nuna matsayinta a kan hanyar fataken Hausa masu zuwa Gwanja. Turawan bincike ma sun biyo ta nan. A shekarar 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka iso Yauri suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806. Abin da suka koma da shi gida shi ne rubutu da zanen hannu, saboda a lokacin babu hoto. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya hanyar Daguerre a birnin Faris.

Ko bayan haka hoto ya daɗe bai iya yin nisa da bakin teku ba. Hanyar jiƙaƙƙen falle, wadda Frederick Scott Archer ya fitar a 1851, tana bukatar a shafa wa gilashi magani, a ɗauka, a wanke kafin ya bushe, wanda abu ne mai wuya a ƙasa mai zafi. Busasshen falle, wanda Richard Maddox ya fara bayaninsa a 1871, shi ya ba matafiyi damar ɗaukar fallaye a akwati ya yi watanni da su. A ƙarshen ƙarni na 19 an riga an sami 'yan ƙasa masu wannan sana'a a Kudu. George Da Costa ya buɗe shagonsa a Ikko a 1895, kuma ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa. Jonathan Adagogo Green na Bonny, wanda ya rasu a 1905, ya yi suna a yankin Neja Delta. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma ta wannan hanya fallaye da takarda da magungunan wanki suka riƙa haurowa.

A Yauri, Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da fadarsa Yelwa a 1888, kuma kafin ƙarnin ya ƙare sojojin Ingila sun kafa sansani a garin. Kamar yadda ya faru a sauran sassan Arewa, kyamara ta fara bayyana ne a hannun soja da jami'an mulki da 'yan mishan. Ɗaya daga cikin jami'an, P. G. Harris, ya buga dogon bayani game da Yauri da al'adun mutanenta a 1930. Wannan shi ne mataki na farko, lokacin da baƙo ke ɗauka don amfanin kansa da na gwamnatinsa.

Mataki na biyu shi ne lokacin da hoto ya zama sana'ar kasuwa. Yarabawa da Ibo da mutanen Gana su ne suka fara baza ta a garuruwan Arewa. Sprague (1978) ya yi nazarin masu hoton Ila-Orangun, ita kuwa Nimis (2005) ta bi sawun Yarabawa masu hoto a ƙasashen Afirka ta Yamma har da Nijar. A hannun irin waɗannan baƙi ne 'yan ƙasa suka koyi aikin. Abin da ya ja talaka gaban kyamara kuwa shi ne bukatar hukuma: takardar neman aikin En'e, da shiga makaranta, da lasin tuƙi, da fasfon aikin Hajji. Ko waɗanda ke ƙyamar hoto saboda dalilin addini sun ɗauki hoton fasfo a matsayin lalura. Wannan bukata ta taso sannu a hankali a zamanin Sarki Abdullahi (1923-1955), ta bunƙasa a zamanin Sarki Muhammadu Tukur (1955-1981), musamman bayan kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975 da fara shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976.

3.3 Ire-Iren Idanun Kyamara

Babu wani ido da aka ƙera a Nijeriya. Dukkansu daga waje suka zo, mafi yawansu kuma sun tsufa a hannun wasu kafin su iso. Ana iya kasa waɗanda suka shahara gida biyar.

Na farko shi ne idon Petzval, wanda Joseph Petzval ya tsara a Biyana a 1840. Babba ne, mai nauyi, a cikin bututun tagulla. Yana shigar da haske da yawa (f/3.6), yana fitar da fuska tangaran a tsakiya, amma gefunan hoton sukan yi dishi-dishi. Ya dace da hoton mutum ɗaya, bai dace da hoton taro ba.

Na biyu shi ne Rapid Rectilinear na J. H. Dallmeyer, wanda ya fito a Landan a 1866. Gabansa da bayansa iri ɗaya ne, kowane ɓangare gilashi biyu ne manne da juna. Haskensa bai kai na Petzval ba (wajen f/8), amma ba ya tanƙwara miƙaƙƙen layi, saboda haka ya dace da hoton gini da na jama'a a jere. Ana iya kwance rabinsa a yi aiki da ɗaya rabin, sai ya zama kamar ido biyu a kuɗin ɗaya.

Na uku shi ne mai gilashi uku wanda H. Dennis Taylor ya tsara a Ingila a 1893. Babu manni a cikinsa ko kaɗan, kuma yana da arha. Na huɗu shi ne Dagor na kamfanin Goerz a Jamus, wanda aka tsara a 1892. Gilashi shida gare shi, uku-uku a manne, yana kuma ɗaukar fili mai faɗi. Na biyar, wanda ya fi kowanne bazuwa, shi ne Tessar, wanda Paul Rudolph na kamfanin Zeiss ya fitar a 1902. Gilashinsa huɗu ne, biyun baya a manne. Kamfanoni da dama sun bi tsarinsa, alal misali Schneider da idonsa mai suna Xenar.

Idan aka kwatanta su ta fuskar mai hoton Turai, abin dubawa shi ne kaifi da yawan haske. Ta fuskar mai hoton bakin Kwara kuwa akwai wata tambaya da ta riga waɗannan, wato wanne ne zai jure zafi da raɓa? Mannin da ake haɗa gilasan da shi a wancan zamani wani irin ƙaro ne na itace da ake samowa daga Kanada. Zafi da tsufa na sa shi ya yi rawaya, ya fara ɗagowa daga gefe. Ke nan ido mai manni da yawa, kamar Dagor, ya fi shiga haɗari, duk da tsadarsa da ingancinsa. Shi kuwa mai gilashi uku, wanda ake ganin na talaka ne, ana iya kwance shi gaba ɗaya a goge a mayar. Haka kuma akwai batun shafen da ke hana gilashi ƙyalli, wanda Alexander Smakula na Zeiss ya ƙirƙiro a 1935, ya kuma bazu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ido marar shafe yana asarar kimanin kashi 4 cikin 100 na haske a kowace fuskar gilashi, hotonsa kuma yakan fito da laushi. Wannan laushin ya zama alheri ga mai ɗauka a kan takarda a ƙarƙashin rana mai ƙarfi, domin ita takarda tana tsananta bambancin fari da baƙi.

Tsawon ido kuwa yana bin girman falle. Inci 4 da 5 na son ido mai kimanin milimita 150, rabin falle kimanin 210, cikakken falle kuma kimanin 270. Wanda ya ɗaura gajeren ido a kan babban falle zai ga kusurwoyin hotonsa sun yi baƙi.

3.4 Ire-Iren Shota

Shota ta farko ita ce murfin ido. Mai hoto ya cire murfi, ya ƙirga, ya mayar. Ba ta da abin lalacewa, sai dai ba ta iya saurin da ya wuce na hannun mutum.

Daga nan sai shotar labule ta kamfanin Thornton-Pickard na Ingila, wadda ta bazu daga ƙarshen ƙarni na 19. Ɗan akwatin katako ne mai labulen ƙyalle da aka shafa wa roba, da igiyar ja, da wayar murɗi mai mayar da labulen. Saurinta na kamawa daga kimanin 1/15 zuwa 1/90 na sakan. Rauninta shi ne robar, wadda zafi ke busarwa ta farfashe. Sai dai tela na iya yanka sabon labule.

Sai kuma shotocin ƙarfe masu fikafikai, waɗanda ke zaune a tsakiyar ido. Friedrich Deckel na Munik ya fitar da Compound a 1905, wadda ke auna lokaci da iskar da ke fita daga wani ɗan bututu. A 1912 ya fitar da Compur, wadda ke auna lokaci da ƙananan haƙoran ƙarfe irin na agogo. Kamfanin Gauthier ya yi Prontor, Amurkawa suka yi Ilex, daga baya kuma Japanawa suka yi Copal. Waɗannan sun fi sauri da daidaito nesa ba kusa ba, amma su ne suka fi saurin kwanciya, kuma lokutan jinkiri, wato sakan ɗaya da rabin sakan, su ke fara maƙalewa.

Misalin da ya fi fitowa fili a Afirka ta Yamma shi ne na Seydou Keita, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Shotar babbar kyamararsa mai santimita 13 da 18 a lalace take, saboda haka da murfi yake aiki. Da wannan kyamara ya ɗauki hotunan da ake baje kolinsu yanzu a manyan gidajen tarihi na duniya. Wannan ya nuna mutuwar shota ba ta kashe babbar kyamara, domin idon na nan, kuma hannu na iya maye gurbinta.

3.5 Hoton Ɗauka-Wanke

Nau'in da talakan Arewa ya fi sani shi ne kyamarar akwati ta ɗauka-wanke, wadda ake girkewa a bakin kasuwa ko tasha ko kusa da gidan waya da kotu. Kafinta ke haɗa akwatin, a ɗaura masa idon da aka ciro daga wata matacciyar kyamara. A cikinsa akwai 'yan kwanoni biyu, ɗaya na maganin fitar da sura, ɗaya na maganin tsayar da ita, wato haifo. A gefe ko a baya akwai hannun riga na baƙin ƙyalle inda mai hoto ke zura hannunsa ba tare da haske ya shiga ba, da kuma 'yar taga mai jan gilashi ta leƙawa. Bokitin ruwan ɗauraya na ƙarƙashin ƙafafun.

Aikin na tafiya kamar haka. A zaunar da mutum a inuwa gaban labule, a daidaita sura, a sa takarda, a gargaɗe shi kada ya motsa, a cire murfi na sakan ɗaya ko biyu ko fiye gwargwadon hasken ranar. A wanke takardar a cikin akwatin, dodo ya fito. Sai a liƙa jiƙaƙƙen dodon a kan wani ɗan allo da ke gaban ido, a sake ɗaukarsa a kan sabuwar takarda, hoton gaskiya ya fito. Idan ana son hoton ya yi daidai da girman dodon, dole tazarar ido da takarda ta ninka tsawon idon sau biyu. Takardar hoto ba ta ganin jan launi, shi ya sa take ƙara wa fata duhu. Dabarar masu sana'ar ita ce su shafa ɗan jan launi a fuskar dodon kafin ɗauka ta biyu, sai fuskar ta fito da haske.

Amfanin wannan tsari ga ƙasa irin Yauri a bayyane yake. Ba ya bukatar lantarki, ba ya bukatar ɗakin duhu, kuma ana iya ɗora shi a kwalekwale ko a bayan keke a bi kasuwanni da shi. Mutumin gungu da ya kawo albasa ko kifi kasuwar Yelwa na iya karɓar hotonsa kafin jirgin komawa ya tashi.

3.6 Yanayin Ƙasa da Dabarun Gyara

Abokan gabar kyamara a wannan yanki uku ne, kowane da lokacinsa. Da hunturu ƙura na shiga cikin haƙoran shota, katako ya bushe ya tsage, fatar zugazugi ta yi tauri ta huje a kusurwoyi. Da bazara, lokacin da zafi kan kai awo 40, man da ke cikin shota yakan narke ya gangara kan fikafikai, maganin wanki kuma, wanda aka tsara shi don awo 20, ya riƙa aiki da gaggawa. Da damina kuwa laimar bakin ruwa na haifar da funfuna a cikin ido da tsatsa a jikin ƙarfe. Ita funfuna tana yaɗuwa kamar saƙar gizo, idan kuma ta daɗe sai ta ci fuskar gilashin, ta bar tabon da ba ya goguwa.

Gyaran ya rarrabu ga masu sana'o'in da ke akwai. Kafinta ke ɗaure tsagewar akwati ya sake ƙafa. Baduku ko tela ke toshe hujin zugazugi da siririyar fata ko baƙin ƙyalle da sholisho. Hanyar gano huji ita ce a zura tocila a cikin zugazugin da dare a duba inda haske ke fita. Idan gilashin dubawa ya fashe, ana iya samun wani ta hanyar goga gilashi biyu da juna da lallausan gari mai kaifi da ruwa har fuskar ta dushe. Abin kiyayewa shi ne dole fuskar da ta dushe ta zauna daidai inda falle zai zauna, in ba haka ba duk hoton da aka ɗauka zai fito ba kaifi.

Shotar ƙarfe kuwa aikin mai gyaran agogo ce, domin cikin Compur da cikin agogo dangin juna ne. Akan buɗe ta, a wanke haƙoran da ɗan fetur mai tsabta ko man leta, a bari ta bushe, a ɗiga mai kaɗan ƙwarai a kan sandunan da ke juyawa. Babban kuskuren da ya kashe shotoci da yawa shi ne zuba man keken ɗinki a kan fikafikai. Su fikafikan an yi su ne su yi aiki a bushe, da zarar mai ya taɓa su sai su manne, ƙura kuma ta bi. Haka bututun iskar Compound, shi ma gogewa yake so, ba ya son mai. Wasu tsofaffin shotoci fikafikansu na taurarriyar roba ne, maganin wanki mai ƙarfi na iya lanƙwasa su. Idan wayar murɗi ta karye kuma ba a sami madadinta ba, sai a bar shotar a buɗe a koma ga murfi.

Wajen goge ido, ƙa'ida ita ce a hure ƙurar tukuna sannan a shafa da laushin ƙyalle. Wanda ya saba gogewa da bakin riga da hunturu yana karce gilashin ne da yashi. Wajen kwance ido kuma dole a kula da fuskar kowane gilashi da zoben da ke tsakaninsu, domin juya guda ɗaya ya isa ya ɓata aikin duka. Maganin funfuna na farko shi ne a riƙa fitar da ido ya sha iska da haske, kada a kulle shi cikin jakar fata duk damina. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.

3.7 Tafkin Kainji da Matsayin Hoto a Tarihi

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, ruwa ya taru a 1968, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe ta a watan Fabrairu 1969. Tafkin ya miƙa fiye da kilomita 130 daga madatsar zuwa wajen Yelwa. Fiye da mutum 40,000 aka tayar, cikinsu har da Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da Busawa. Tsohuwar Busa da babban gungun Foge sun nutse, aka kuma gina wa mutane sababbin gidaje waɗanda Robin Atkinson ya tsara. Masu haƙar kayan tarihi sun yi rige-rige da ruwa, kuma a kusa da Yelwa A. J. Priddy ya tono mutum-mutumin yumɓu na ƙarnonin farko na miladiyya. Amma tsarin gidajen gungu da rumbunansu da mashigansu ba abin da za a tono ba ne. Abin da ya saura shi ne tunanin tsofaffi da kuma hoto.

A nan ne sanin kyamara ke taimaka wa mai tarihi, domin mafi yawan tsofaffin hotuna ba su da kwanan wata. Ga wasu alamomi. Hoton da girmansa ya yi daidai da rabin falle ko cikakken falle, mai kaifi ƙwarai, alama ce an buga shi kai tsaye daga babban dodo. Wanda ya yi laushi, gefensa yankan almakashi, ya kuma yi rawaya, mai yiwuwa na ɗauka-wanke ne, domin gaggawa ba ta bari a ɗauraye haifo sosai. Yaro ko dabba da suka fito kamar inuwa suna nuna an daɗe da buɗe ido. Idan kuma an sami kyamarar kanta, lambar da ke jikin ido da shota na nuna shekarar ƙira. Compur mai 'yar da'irar lokaci a sama ta girmi mai zobe a kewaye, wadda ta fito a wajen 1928. Kamfanin Kodak kuwa, daga 1940, ya riƙa ɓoye shekara a cikin haruffan kalmar CAMEROSITY, inda C ke nufin 1, A ke nufin 2, har zuwa Y mai nufin sifiri. Ido mai ES a farkon lambarsa ke nan na 1947 ne. Sai dai a lura, shekarar ƙira iyaka ce ta farko kawai. Idon 1910 na iya ɗaukar hoto a 1970.

Alal misali, a gidan su mai wannan bincike akwai ɗan hoton kakansa wanda ke da dukkan alamomin ɗauka-wanke. Labulen da aka rataya a baya bai rufe duka ba, a gefe guda ana hango gindin rumbu da bakin jirgin ruwa. Tsofaffin gidan sun shaida rumbun na tsohon garinsu ne kafin tashi. Da wannan aka gane hoton ya girmi tafkin, kuma kuskuren mai hoto wajen rataya labule shi ya adana abin da ya rage na surar garin. Fuskar kakan kuwa tana dushewa shekara bayan shekara.

3.8 Ja da Bayan Babbar Kyamara

Daga shekarun 1960 kyamarori masu fim na naɗi, irin su Yashica da Rolleiflex masu ɗaukar hoto 12 a fim guda, suka fara mamaye shagunan hoto. Polaroid ta zo ta raba hoton fasfo da akwatin katako. A shekarun 1980 injinan wanke hoto mai launi suka bazu a manyan birane, mai hoto ya koma mai ɗauka kawai, wanki kuma sai an aika. Faɗuwar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ta tsadar da takarda da magani. Daga ƙarshe kyamarar dijital da wayar salula, wadda ta fara bazuwa a Nijeriya a 2001, suka rufe babin. Kowane sabon mataki ya ƙara sauri, ya kuma rage abin da mai gyaran kasuwa ke iya taɓawa.

A wajen 2013 kamfanin Copal, wanda shi ya saura cikin manyan maƙeran irin wannan shota, ya daina ƙera ta. Saboda haka masu sha'awar babbar kyamara a Turai da Amurka da Japan su ma yanzu da tsofaffin shotoci suka dogara, suna wankewa suna gyarawa, wasu har sun koma ga murfi da takarda, wato halin da mai hoton bakin Kwara ya daɗe da sani.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an bi tarihin shigowar hoto ƙasar Yauri, an kwatanta idanu biyar da nau'o'in shota, an kuma bayyana aikin ɗauka-wanke da dabarun gyara. An ga cewa kayan da suka fi jure yanayin bakin Kwara su ne waɗanda masu sana'ar kasuwa ke iya kwancewa su mayar, kuma wannan ne ya sa hoto ya kai ga ƙauyuka da gungaye kafin zuwan lantarki. An kuma ga yadda sanin waɗannan kaya ke taimakawa wajen ƙiyasta shekarun hotunan da suka girmi tafkin Kainji. Tun da yake hotunan na dushewa, tsofaffin da za su shaida su kuma suna ƙarewa, ya kamata masarautar Yauri, tare da cibiyoyi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, su tattara su a kwafe, a rubuta sunan gari da na mutanen da ke ciki. A babi na huɗu za a dubi yadda ake koyon sana'ar da kuma dangantakar maigida da yaronsa a shagon hoto.